Turancin Sha

Alhaji Ɗanlami, mai makarantar kuɗi a garinmu, ya sa aka kira masa Malam Tanimu, malamin Turanci.

"Malam, ɗana Ashiru ya sake faɗuwa Turanci, ga shi karatu ciwon kai yake sa masa. Ka rubuta nahawun nan kaf a allo, har kalmomin nan masu jelar 'ing', ka wanke ya sha. In bai ci bana ba, ka nemi wani aikin."

"Ranka ya daɗe, wannan mai sauƙi ne. Sai dai Turanci ba ya kama ciki sai in mai shan ne ya rubuta da hannunsa, kuma da ka."

"To, ya rubuta mana!"

"Kuma in ya haɗiyi kuskure, ya zauna ke nan. Da shi zai riƙa magana gaban manya har ya tsufa."

"Subhanallahi! Kada ya kurɓa sai ka duba."

Kullum Ashiru ya cika allo, sai Malam ya leƙa ya ce, "Guba ce! Goge, sake." Haka suka yi ta fama har ranar da Malam ya rasa abin gyara. Aka wanke, Ashiru ya shanye yana yatsina fuska.

Da sakamako ya fito, Ashiru ya ci.

Alhaji ya ce, "Ban faɗa ba? Ku 'yan boko kun cika wahalar da kai. Malam, a jiƙa mini kofi guda, ina da taro a Legas."

Malam Tanimu ya miƙa masa allo da alƙalami.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Da ka."