Zakaran da Ya Juya Baya

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a ƙasa. Yau na zo muku da wadda za ta raba ku gida uku, kuma in na gama ba zan sa muku baki ba.

A Funtuwa an yi wata mata, Gwaggo Tasalla, mai yajin da ba a mantawa da shi. Citta ce da kanumfari da masoro da kimba, sai wani abu guda da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In ka barbaɗa shi a tsire, hanci na zuba kana miƙa hannu a ƙara maka. Mijinta, marigayi Malam Zakari, ladan ne, kuma saboda muryarsa ta riga ta kowa fita da asuba, duk unguwar ba mai kiransa sai da Zakara. Shi ya saya mata turmin farko, shi yake cusa ƙullin yajin a aljihu ya kai wa mahauta su ɗanɗana. Da haka mutane suka raɗa wa abin suna Yajin Zakara, sunan kuma ya zauna.

To, ga inda maganar take. Gwaggo Tasalla irin matan da ce. Tun da aka kai ta ɗaki bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba, na yanka ko na laƙabi. Ko zakaran maƙwabta ne ya faɗa mata shanya, sai dai ka ji ta ce, "Ku korar mini mijin kazar nan." Ranar da za a yi wa yajin takardar mannawa, mai zane ya kawo hoton zakara ya ƙuro ido, baki buɗe yana cara. Kallo ɗaya ta yi masa ta sunkuyar da kai. Ta ce ita ba za ta iya wuni tana manna wannan yana kallonta ido cikin ido ba, a juya shi. Mai zane ya yi dariya har da hawaye, ya juya shi. Tun daga ranar, zakaran da ke jikin ledar yajin nan baya yake ba mutane, jela da ƙeya kawai ake gani.

'Ya'yanta uku ne. Babbansu shi ne Shekarau, direban babbar mota. Mai bi masa Hajo, malamar makaranta, mace mai bin komai daki-daki. Auta kuwa Uwale, wadda bakinta ba ya hutawa, har uwar takan ce da ana sayar da surutu da yarinyar nan ta gina bene.

Wata rana Shekarau ya tsaya cin tsire a wata tasha can hanyar Lakwaja. Sai ga ledar yaji da zakara mai juya baya a kan teburin mai naman. Ya washe baki, ya shaida wa duk wanda ke wurin cewa yajin gidansu ne. Yana kai loma ɗaya baki murnar ta koma ciki. Dusa ce da gishiri da jan kala, ba ko ƙamshin kimba. Da wani direban ne, da ya tofar ya kama hanyarsa, amma Shekarau ya bar motar a hannun abokin tuƙinsa, ya bi sawun ledar nan. Daga mai tsire zuwa mai shago, daga mai shago zuwa dillali, har ya dire a wani sito a Kaduna, na wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Ɗanbaba Mai Sauri. Ya yi kamar mai neman lodi, ya zauna ya sha shayi da mai gadin siton. A nan ya ji mutumin na fariya cewa Alhaji ya kai sunan da hoton ofishin rajistar tambarin kasuwanci, an ma buga sanarwa, in wa'adi ya cika ba wanda ya yi ƙorafi, zakara ya zama nasu. Shekarau ya kusa rasa aikinsa a kan wannan yawo, amma ya iso gida da labarin tun da sauran lokaci.

Gwaggo Tasalla dariya ta fara yi. Ta ce, "Duk Funtuwa wa bai san nawa ba ne? Takarda ce take daka yaji?" Sai da Hajo ta zaunar da ita ta yi mata dalla-dalla. In mutumin nan ya riƙe takardar rajista, shi zai samu bakin cewa ita ce mai kwaikwayo, har ya nemi a hana ta manna sunan a kayanta. Ranar Gwaggo ba ta iya cin tuwo ba. Ba kasuwar ce ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne a ce sunan Malam yana yawo a jikin dusa, ita kuma da ta yi zaman aure da shi a kira ta ɓarauniyar sunansa.

Hajo ba ta tsaya jaje ba. Ta nemo wata tsohuwar ƙawarta ta makaranta, lauya mai irin wannan aiki. Ta bi mahauta rumfa-rumfa tana karɓar shaidarsu, ta tono tsofaffin ledoji har daga ƙarƙashin gadon uwarta, ta yi ta zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Abuja har ƙafafunta suka kumbura. Ta shigar da ƙorafin ana dab da rufe ƙofa, ta kuma nemi a yi rajistar tambarin da sunan mai shi na gaskiya. Aikin da ya fi ba ta wuya ma shi ne saka Gwaggo a mota, don tsohuwar ba ta taɓa wuce Zariya ba, kuma ta rantse ba inda za ta. Hajo ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka, har dai aka tafi.

Ranar zaman sauraron ƙorafin a Abuja, aka shiga wani ɗaki mai sanyi kamar randa. Shugaban zaman mutumin kudu ne, dattijo mai haƙuri, da tafinta a gefensa. Ga Alhaji Ɗanbaba can ya sha babbar riga, lauyansa na ta juya takardu. Shi ma ya zo da nasa ledojin da nasa shaidun, kowane ɓangare na cewa shi ya riga. Sai shugaba ya ce bari ya ji daga bakin mai ƙorafi. Ya sa aka tambaye ta abu mafi sauƙi a duniya: mene ne sunan yajin nata?

Gwaggo ta dubi ƙasa. Ta ce, "Sunan Malam ne."

Aka sake tambaya. Ta ce, "Ai ga shi nan a rubuce, ku karanta mana."

Aka nuna mata hoton, aka ce to wane tsuntsu ne wannan. Ta ja mayafi ta ce, "Mijin kaza ne."

Lauyan Alhaji ya miƙe, baki har kunne. Ya ce ranka ya daɗe ka gani da idonka, an ɗauko tsohuwa an kawo, ko sunan kayan ba ta sani ba. Shugaba ya fara tattara takardunsa. Hajo ta ji kamar ta nutse, don duk shirin da ta yi, wannan bai taɓa faɗo mata a rai ba. A gida ba wanda yake jin abin a matsayin wani abu. Ita kuwa Gwaggo zuciyarta na tafasa, sunan na nan a kan harshenta, amma ta gwammace a ƙwace yajin da turmin gaba ɗaya da ta faɗe shi a gaban maza.

Uwale dai an zo da ita ne don ta riƙe wa uwarta jaka, an kuma sa sunanta cikin shaidu saboda ita ke taya daka. Tun a mota aka gargaɗe ta da ta kama bakinta. Ina! Ta ɗaga hannu ta ce a ba ta izinin tambaya ɗaya tak. Da aka ba ta, ta juya wajen Alhaji.

"Alhaji, tunda zakaranka ne, me ya sa ya juya wa mutane baya?"

Alhaji da lauyansa suka amsa a tare. Lauya ya ce alama ce ta ci gaba, zakaran ya sa gaba ne. Alhaji kuwa ya ce kuskuren mai buga leda ne, za a gyara. Suka dubi juna.

Sai Uwale ta saki baki. Ta ba da labarin ladan da laƙabinsa, da mai zane da hoton farko, da yadda aka juya tsuntsun don kunyar mace ɗaya. Tafinta har yana haki wajen bin ta. Sannan ta durƙusa gaban uwarta ta ce, "Inna, ba sai kin faɗa ba, ni zan faɗa. Sunan babanmu Zakari, ana ce masa Zakara, sunansa ne a yajinki. Haka ne ko ba haka ba?"

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi gaba ɗaya. Daga ciki aka ji ta ce, "Haka ne. Ke dai Allah ya shirye ki, marar kunya."

Shugaba ya cire tabarau ya yi dariya har yana share ido. Ya ce shi ma kakarsa har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunan kakansa ba. Ya koma kan ledojin da shaidun da Hajo ta tara, ya duba su da kyau. Aka yi watsi da buƙatar Alhaji Ɗanbaba, kuma bayan an bi sauran ƙa'idoji, takardar rajista ta fito da sunan Tasalla, da zakaranta yana nan ya ba duniya baya. Da aka kawo mata, ta shafa hoton da hannu, ta yi hawaye kaɗan, sannan ta sa aka rataye a ɗaki.

Yanzu Gwaggo ta tsufa, hannu ba ya ɗaukar taɓarya. Tana so tun tana raye ta miƙa riƙon tambarin ga mutum ɗaya, ta kuma raɗa masa abin nan guda da ba ta taɓa faɗa ba. Kada wani ya ce mini a haɗa su ukun. Lauya ta ce ana iya yi, Gwaggo ta ce mutanen da ko miyar sallah ba sa shiryawa a kanta ba za ta ba su sunan Malam su yi ta ja ba. Amfanin na kowa ne, amma riƙo da sirri kunne ɗaya za su shiga.

Da Shekarau bai bi ɗanɗanon dusar nan har Kaduna ba, da wa'adi ya cika suna zaune ba su san ana yi ba. Da Hajo ba ta san ƙofar da ake bugawa ba, ta buga a kan kari, ta tara shaidu, ta kai uwar, da labarin Shekarau ya ƙare a tsakar gida ana tafa hannu. Da kuma Uwale ta ji gargaɗi ta kama bakinta, da an tashi zaman nan Alhaji ya tafi da zakara a hammata.

To, ku da kuka ji komai, in ku ne Gwaggo Tasalla, a kunnen wa za ku raɗa sirrin?