Lambar Wayar da Lyuben Ya Ɓoye

Yayana Lyuben mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne: in lissafi ya faɗa masa abu, mutum kuma ya faɗa masa wani daban, to mutumin ne bai san abin da yake yi ba. Muna da ɗan ofis a birnin Plovdiv, a saman shagon wani mai gyaran takalma. Aikinmu gina wa mutane shafukan intanet, da ƙoƙarin ganin sunansu ya fito a sama idan an bincika. Shi ne mai dabaru, ni ce mai rubutu. Da kunya nake ba da wannan labari, domin ni ma hannuna na ciki dumu-dumu.

Kawu Dobri, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya riƙe mu tun da iyayenmu suka tafi Sifen neman aiki, zama ya miƙe musu a can. Likitan dabbobi ne. Shekara talatin da takwas yana hawa da sauka a ƙauyukan gindin duwatsun Rodopi da tsohuwar jakarsa ta fata. Yana da shafi da wani malamin makaranta ya yi masa tun da daɗewa. Ba komai a ciki sai sunansa, da hoton tunkiya, da lambar wayarsa an rubuta da manyan jajayen lambobi. Muni kam ba a magana. Amma duk wanda ya rubuta yana neman likitan dabbobi a yankinmu, sunan Kawu ne ke fara fitowa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar makiyayan tumaki ta sa sunansa a shafinta, yadda in ka taɓa shi zai kai ka kai tsaye wurinsa. Wannan shi muke kira mahaɗi. Haka makarantar aikin gona ta yi, da mai sayar da abincin dabbobi, da ɗakunan karatun ƙauyuka uku. Ba wanda ya roƙe su. Sun sa shi ne don ya sha ceton dabbobinsu, injin bincike kuma ya ga mutanen yanki duka suna nuna mutum ɗaya.

Wata Lahadi cikin Nuwamba muna shan miyar wake a gidan Kawu, Lyuben ya ture kwano ya buɗe kwamfuta.

"Kawu, ka san cikin mutum ɗari da ke shiga shafinka, casa'in da ɗaya ba sa kai sakan goma suke ficewa?"

Irin waɗannan 'yan leƙe muke ce musu a ofis. A lokacin, duk taron masu sana'armu da ka je maganarsu ake yi. Wasu na cewa injin bincike na ƙirga su, in sun yi yawa ya mayar da shafinka baya. Wasu na cewa ba haka ba ne, mahaɗai ne ke riƙe shafi. Lyuben ya riga ya zaɓi ɓangare, kuma in ya zaɓa ba ya waiwaye.

Kawu ya gutsuri burodi ya ce, "To in sun fice ina suke zuwa?"

"Wurin wani mana. Gudunka suke yi."

"Ni dai wayata ba ta hutawa, ɗana. Wanda haihuwa ta gagari tunkiyarsa ai ba karatu ya zo yi ba."

Lyuben ya yi dariya. "Kawu, kai ka san cikin tunkiya, ni na san cikin kwamfuta. Na taɓa koya maka yin allura?"

Kawu ya ce a'a, bai taɓa ba. Ya ce Lyuben ya yi yadda ya ga ya dace.

Muka yi wata guda muna aiki. Shafi ɗaya ya koma biyar. Akwai tarihin Kawu, akwai hotunan duwatsu, akwai kiɗa mai tashi da kansa, akwai dogon bayani kan cututtukan tumaki wanda ni na rubuta. Lambar waya kuwa Lyuben ya kai ta can shafi na ƙarshe, sai ka taɓa wuri uku kafin ka ganta, don dole mutum ya daɗe a ciki. Sannan ya ce tsohon adireshin shafin ya yi ƙauyanci, ya buɗe sabo, ya rufe wancan.

Na ce masa, "Yaya, waɗanda suka sa mu a shafukansu fa? Tsohon adireshin suke nunawa."

"Ɗakin karatun ƙauye? Wa ke shiga can in ba tsofaffi masu duba ranar rawa ba? Zamanin mahaɗi ya wuce, Bistra. Ki dinga karatu."

Haɗa tsohon adireshi da sabo aikin rabin awa ne, kuma na iya. Ban yi ba. Ina tsoron baƙar maganar Lyuben, wannan gaskiya ne. Amma akwai wadda ta fi ta ɗaci: ina jin daɗin a ce mutane na zama suna karanta rubutuna.

Kafin ƙarshen Janairu 'yan leƙe sun sauko daga casa'in da ɗaya zuwa ashirin da takwas. Lyuben ya buga lissafin a takarda ya manna a bangon ofis. Har Sofiya, babban birnin ƙasarmu, ya je ya yi jawabi a taron masu sana'armu, aka tafa masa, ya dawo yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba. Akwai wani lissafin da bai manna a bango ba. A Fabrairu na duba, na ga shafin Kawu ya faɗa can shafi na uku na bincike, inda ba mai leƙawa, masu shigowa kuma ba su kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Na rufe kwamfutar na ce wa kaina zai farfaɗo.

Lokacin haihuwar tumaki ke nan. A shekarun baya ba ma ganin Kawu a wannan lokaci sai dai mu ga takalmansa da taɓo a bakin ƙofa. A bana yana zaune a kicin, waya a kan tebur. Wani lokaci ya ɗaga ya duba ko caji ne ya ƙare. Har kirana ya yi sau biyu don kawai ya tabbatar layin na aiki.

Shekara biyu ke nan hannunsa na dama yana ɗan rawa. Ba ta hana shi aiki, amma shi ya san da ita. Ranar ɗaya ga Maris na je ɗaura masa zaren ja da fari a wuyan hannu, kamar yadda nake yi kowace shekara bisa al'adarmu ta tarbar bazara. Ya miƙo hannun, muka tsaya muna kallonsa tare.

Ya ce, "Kin gani ko? Makiyayan ma sun gani. Kunya ce kawai ta hana su faɗa mini."

Maganar ta zo mini har baki. Na ƙulla zaren na ce masa ya daina tunani.

A Afrilu ya mayar da takardar izinin aikinsa. Jakar fatar da littafin da yake rubuta tarihin kowane garke ya kai wa Dokta Kalina, wata matashiyar likita a garin Asenovgrad. Ya ce gara ya sauka da ƙafarsa tun kafin ya kashe wa wani dabba.

Ranar shida ga Mayu, bikin makiyaya, muka raka shi ƙauye cin gasasshen rago a ƙarƙashin itatuwa. Ba mu gama zama ba Inna Tsonka ta nufo mu. Tsohuwa ce mai tumaki sittin da bakin da ba ya ɓoye komai.

"Dobri, haka ake yi? Shekara talatin kana shan madarata, ka ajiye aiki ko sallama babu?"

Ta ce a Janairu wayarta ta faɗa kwamin shan ruwan dabbobi, duk lambobinta suka tafi. Washegari haihuwa ta gagari tunkiyarta mafi kyau. Surukarta ta shiga shafin ƙungiyar makiyaya ta taɓa sunan Kawu, aka ce babu wannan shafi. Ta bincika, sunansa bai fito ba. Da ƙyar suka faɗa wani wuri mai kiɗa.

"Tunkiya na nishi, mu muna karanta makarantar da ka yi. Har da sunan malaminka na firamare. Lamba kuwa ko ƙyallinta. Kafin mu samo wani likita ta mutu da tagwaye a ciki."

Ta ce ita ta faɗa wa mutane a wurin karɓar madara cewa da alama Dobri ya rufe. Wasu suka gwada shafin makarantar gona, suka tarar da abu ɗaya. Daga nan magana ta bazu. Ko masu lambarsa a waya suka daina kira, don kada su dami dattijon da ya zaɓi hutu. Mutanen teburin duk suka ce haka ne, tun Janairu kowa ya san ya yi ritaya.

Kawu ya ce, "A Afrilu na daina."

 Ya juya ya dubi Lyuben, ba faɗa a fuskarsa.

"Mutum casa'in da ɗayan nan, ɗana. Yanzu ka san inda suke zuwa?"

Lyuben na kallon faranti. Ya ce, "Wurinka, Kawu. Lambar suke ɗauka su kira ka."

"Wata huɗu ina zagin hannuna."

A nan na ce na gani tun Fabrairu. Na ce ranar da na ɗaura masa zare ma na sani. Kallon da ya yi mini ya fi wanda ya yi wa Lyuben tsawo, kuma har yau in na tuna shi sai in ji kamar in nutse.  Ya yanka nama ya sa mana a faranti, kamar yadda yake yi tun muna yara, mu kuwa muka kasa ci.

Gyaran bai ɗauke mu yini guda ba. Muka dawo da tsohon adireshi, da tunkiyar, da jajayen lambobin. Lyuben ya cire takardar bango, ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ɗakunan karatun da ya raina yana ba tsofaffi haƙuri. Kafin kaka sunan Kawu ya koma sama, 'yan leƙe suka koma casa'in, wayar ta ci gaba da ƙara.

Amma Kawu ya ƙi karɓo takardarsa. Ya ce ba zai je ya ƙwace jaka daga hannun yarinyar da ya ba da hannunsa ba, kuma wanda ya yi wata huɗu yana shakkar hannunsa bai kamata ya sake sa shi a cikin dabbar mutane ba. Yanzu in wayar ta yi ƙara yakan ɗauka, ya saurari bayanin har ƙarshe, ya yi tambaya biyu ko uku irin na wanda ya riga ya gane ciwon. Sannan ya sa tabarau, ya karanto musu lambar Dokta Kalina daga takardar da ya manna a jikin firji.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, lissafi yana faɗa maka abin da mutane suka yi, amma ba ya faɗa maka dalilinsu. Dalili sai ka tambayi mutanen, ko ka saurari wanda ya daɗe yana hulɗa da su. Wanda ya shigo ya fita da sauri, wataƙila ya samu abin da ya zo nema ne. Shaidar da mutane suka yi maka don kansu, ko a baki ko a shafi, shekaru ne suka gina ta, kada girman kai ya sa ka yanke ta a rana ɗaya. Kai kuma da ka ga kuskure ka yi shiru, don tsoro ko don wani ɗan daɗi da kake ji, ka sani kana da kaso a ɓarnar, kuma ba kowace ɓarna ce gyara ke mayar da ita yadda take ba.