Kunyar Ɗan Fari Da Ɗorin Siminti

Akwai wata mata a Madarunfa, sunanta Hasiya. Ba zan faɗi unguwarsu ba, don danginsu na nan har yanzu, kuma ban so a ce ni na kai maganar waje. Abin ya faru ne shekarar nan da darajar kuɗin sefa ta faɗi, cikin bazara.

Hasiya tana da ɗa guda, Illo, ɗan fari. Kun san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta mishi wasa, ba ta ɗaukarshi gaban surukai. In magana ta kama, sai ta ce "yaron can". Tun da aka yaye shi yana ɗakin kakarshi Inna Ɗelu, uwar mijinta Audu. Gida ɗaya suke, tsakar gida ce kawai tsakani.

Da Illo ya fara tafiya sai aka ga yana ɗingishi. Aka kai shi likita Maraɗi. Suka ce ƙashin cinya ne bai zauna gurbinshi ba a ƙugu. Aka yi mishi aiki, aka ɗaure shi cikin siminti tun daga ƙirji har idon sawu, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo, da sanda a tsakani. Ɗan wuri kawai aka bari a ƙasa don fitsari da kashi.

Ranar sallama likita ya kira uba da kaka. Hasiya ta tsaya bayan ƙofa da kwanukan abinci a hannu, kamar abin bai shafe ta ba. Amma ta ji komai. Kar ruwa ya taɓa simintin. Kar a zura komai ciki. Kar a ɗaga shi ta sandar. A riƙa juya shi. In simintin ya jiƙe ya yi laushi, ƙashin zai goce, yaro ya tashi gurgu.

Inna Ɗelu kuwa kunnenta ba ya ji sosai. "To, to" kawai take cewa.

Jinya ta cinye hatsin rumbu, Audu bai zauna ba, ya tafi Najeriya cin rani. Aka bar tsohuwa da yaro.

Illo ba ya zama, ba ya goyuwa. Kwance yake kan tabarma a gindin bango, ga zafi, ga ƙuda. Yana da nauyi, tsohuwa in ta ɗaga shi sau ɗaya sai ta daɗe riƙe da baya. In ya ci tuwo, ɗan gutsure ya faɗa cikin simintin, kiyashi su bi. Sai kuka. Kukan ma ya gaji da shi, ya koma wani irin nishi.

"Haba maigida," in ji Inna Ɗelu tana mishi fifita, "miji kwance, mata na wahala. Ni na fasa auren nan."

Ko dariya ba ya yi.

Hasiya na jin komai daga murhu. Ba ta ɗaga kai. Sai da rana tsaka, in tsohuwa ta gyangyaɗa, matan gida sun tafi lambu bakin tafki, sai ta lallaɓa. Ta juya shi rub da ciki, ta tokare shi da ɗan buhu da ta cusa ma ƙaiƙayi, ta canza tsumman da ya jiƙe, ta tura auduga bakin simintin inda ya fara cin fata. Tana yi tana waige. In ta ji motsin zaure sai ta koma bakin murhu kamar mai neman itace.

Amma sau ɗaya a yini ba ya isa. Fitsari ya fara shiga ta baya. Wata rana ma ta hango tsohuwa ta zura kara ciki tana sosa mishi. Ta kau da kai. Ta yaya za ta buɗe baki ta gyara ma uwar miji, kuma a kan ɗan fari?

Ran wata Juma'a da la'asar mata suka zo dubiya. Cikinsu akwai Binta maƙwabciya, wadda bakinta ba ya riƙe magana. Tana zama ta ja gyale ta rufe hanci.

"Inna, mijin nan naki fa ya fara wari. Yaushe rabonshi da wanka?"

Tsohuwa ta ji kunya. Ta ce ai likita ne ya ɗaure shi haka.

"Likita shi ke kwana da shi? Ɗan mutum ba wanka har yaushe? Ki dafa ganyen dogon yaro ki tsoma shi, ƙaiƙayin ma ya kwanta. Simintin gini ma ruwa ake ba shi ya yi ƙarfi."

Sauran suka ce gaskiya ne. Inna Ɗelu ta tashi da ƙyar ta ɗora ruwa. Da ya yi ɗumi ta juye a babbar tasa, ta ce Binta ta kama mata. Binta ta kai hannu ta riƙe sandar tsakanin ƙafafun.

Hasiya na daka a lokacin. Taɓarya ta tsaya a hannunta.

"Inna, ba a sa mishi ruwa," ta ce, murya can ƙasa.

Tsohuwa ba ta ji ba. Sun riga sun ɗago shi, ƙafarshi na saman tasa.

Hasiya ta yar da taɓarya. Ta ratsa tsakiyar matan nan, ta ture hannun Binta daga sandar, ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin bayanshi ɗaya ƙarƙashin cinya, ta rungume shi a ƙirji. Ta ɗaga murya yadda tsohuwa za ta ji.

"Likita ya ce in ruwa ya taɓa, Illo ba zai yi tafiya ba. Ina bayan ƙofa na ji."

Yaron ya kwantar da kai a wuyanta ya ce, "Yaya, ƙaiƙayi." Don Yaya yake ce mata.

"Ikon Allah," in ji Binta. "Yau mun ga zamani. Har da suna? To sannu, uwar Illo."

Wata ta ce, "Mu a lokacinmu ko wuta ya faɗa sai dai ki kira wani."

Suka yi dariya suka watse. Inna Ɗelu ta jawo tasar. Ta zubar da ruwan gindin bango ta shige ɗaki. Hasiya ta tsaya da yaro a hannu, ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Daga baya ta kai shi ɗakinta.

Da safe ta ji sallama a ƙofa. Tsohuwa ce, riƙe da tabarmar yaron da tsummokaranshi da mafici. Hasiya ta durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri, ni..."

"Tashi, ɗiyata. Kin ga bayan nan nawa? Ya ƙare. Sallah ma a zaune nake yi. Kina tsammani ban san wa ke juya shi da rana ba? Barcin tsofaffi ba nisa gare shi. Ni ina jira ki tambaya, ke kina jira in kira ki, yaro na ruɓewa a tsakani."

Ta ajiye kayan. Har ta juya, ta ƙara da cewa, "Wanda ya yi miki magana, ki ce ni na tilasta miki."

Wahalar ba ta ragu ba, ta dai koma hannun da ke iyawa. Hasiya ta rame. Juyi, goge jiki da ɗanyen tsumma, fifita, wankin tsummokara, ga daka ga ɗiban ruwa. Wata rana tana tuƙa tuwo barci ya ɗauke ta a tsugune. Tsohuwa kan zauna kusa da yaron tana kore mishi ƙuda, tana mishi tsiya. In Hasiya ta fita rijiya, mata na ce mata uwar Illo suna ƙyafta ido. Sai ta ja ruwanta ta wuce.

Da ruwan farko ya sauka Audu ya dawo, aka koma Maraɗi. Aka yanke simintin. Bayan yaron duk gyambo ne, ƙafafu sun zama kamar kara. Amma likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya zauna.

Bai tashi nan take ba. Sai da ya koma rarrafe kamar jariri. Gero na fitar da kai a gona ranar da ya dafa bango ya miƙe, ya saki, ya taka zuwa wajen kakarshi da ƙafafunshi biyu.

Tsohuwa ta ce, "To, na fasa fasawa. Auren na nan."

Darasi: Kunya abu ne mai kyau, iyayenmu sun koya mana, kuma ba a ce a yar da ita ba. Amma in lafiyar yaro na hannunki, ki buɗe baki ko da za a yi miki dariya. Ku kuma manya, in kun gaji ku faɗa, kar ku jira ƙarami ya tambaya. Ku tura ma wasu labarin nan, wataƙila akwai wadda ke tsaye bayan ƙofa yanzu, ta ji komai, tana tsoron magana.