Fida Ɗaya Da Gwaggo Ta Haɗa

Akwai wata tela da ta haifi 'yarta ta fari, 'yar mitsitsiya, har ake kiranta Ɗigo. Yayar mijinta, wato gwaggon jaririyar, ita ta zo taya ta raino. Mace ce mai hidima, sai dai in ta faɗi magana to ta zauna. 'Ya'ya bakwai ta raina, kuma ba ta bari ka manta.

Kullum da safe takan dama wa mai jego shayi, ta zabga madara har ya yi kauri, wai don nono ya kawo.

Ɗigo kuwa sai kuka take tana miƙewa. Ƙuraje suka feso mata a kumatu. Ran da uwar ta ga zaren jini a ƙunzugu, sai ta wuce da ita asibiti.

Likita ya ce yana zargin jikin yarinyar ba ya karɓar madarar shanu, kuma tana isa gare ta ta cikin nono. Ya ce uwar ta daina shan madara da duk abin da aka yi da ita, ta ci gaba da shayarwa, kada kuma a ba jaririyar ta gwangwani.

Gwaggo ta taɓe baki. "Madarar ce cuta? Ni dai a faɗi gaskiya, nononki ne ba ya ƙosar da ita."

"Yaya, don Allah mu gwada abin da ya ce," in ji telar. Maganar ta yi mata ciwo, amma ta haɗiye.

Wata rana da hantsi telar ta fita sayo zare. Gwaggo ta ciro gwangwanin madarar jarirai da ta ɓoye a jakarta, ta haɗa fida. So take idan uwar ta dawo ta tarar da 'yarta ta ƙoshi tana barci, a ga mai gaskiya.

Ɗigo ta sha rabi ta ture. Ba a jima ba ta kwaro amai. Leɓɓanta suka kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Sai kukan ya fara shaƙewa, numfashinta na fita da ƙyar yana fito.

"Innalillahi! Ɗigo! Ke Ɗigo, dube ni!"

Gwaggo ta sure ta ta fita ba takalmi, ba mayafi. Ta tsaya tsakiyar titi tana ihu har wani mai mota ya taka birki, ya ɗauke su zuwa asibiti. Duk hanya kunnenta na kan ƙirjin yarinyar, tana tsoron kada ta ji shiru.

Aka kira iyayen, suka iso ana kwantar da jaririyar. Likita ya ɗago ya ce, "Me aka ba ta? Ku yi sauri."

"Nono kawai, wallahi," in ji uwar. "Na daina shan madarar."

Mijin ya juyo ya kafe matarsa da ido. Gwaggo ta ga kallon. Da ta yi shiru, shi ke nan laifi ya hau kan matar ƙaninta.

"Ni ce," in ji gwaggo. "Ta gwangwani na ba ta. Yanzu-yanzu."

Aka soka wa Ɗigo allura a cinya, aka sa mata abin numfashi. Can sai ta tsala kuka mai ƙarfi.

Washegari da aka sallame su, gwaggo ta raɓe a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da kowa. Telar ta taka har gabanta ta miƙa mata jaririyar.

Gwaggo ta ja da baya. "Ni? Hannun nan da ya kusa kashe ta?"

"Karɓe ta, Yaya," in ji telar. "Shi ne kuma ya ruga da ita."

Darasi: Yawan rainonki ba ya nufin kin san jikin kowane yaro. Idan likita ya hana jariri madarar shanu, ko cokali ɗaya kada a gwada, kuma in an yi kuskure a faɗa da wuri. Ku tura wa iyaye, kakanni da duk wanda ake bar wa jariri a hannunsa.