Kwaji da Makullin Shagon Malam Garba

Akwai wani matashi mai suna Kwaji, ɗan garin Betso, wanda ya shigo Mubi ya kama shago a Sabon Layi yana sayar da maganin ciyawa da na ƙwari da irin shuka. Shanun nomansa ya sayar ya haɗa jari, matarsa Dibora ta ƙara masa da awakinta.

Shagon ya yi kyau. Fenti kore, babban allo a ƙofa, kaya jere har rufi. Masu saye ne kawai babu.

A tsallaken titi kuwa akwai shagon wani dattijo, Malam Garba, mai irin wannan sana'a. Ɗan ƙaramin shago ne mai duhu, ko allo ba shi da shi. Amma bencin ƙofarsa ba ya rabuwa da manoma.

Kwaji ya rage farashi, shiru. Ya sa lasifika tana ta kiran mutane, shiru. Damina tana tafiya, ga shi kowace kwalba da ranar lalacewarta a jiki.

Sai ya koma kallon tsohon. Abu biyu suka ɗaure masa kai. Mutum zai shiga wurin Malam Garba ya daɗe, ya fito bai sayi komai ba, amma yana ta godiya. Sannan duk ranar Alhamis, a tsakiyar damina, tsohon zai rufe shago ya hau mashin ya ɓace sai la'asar.

"Tsohon nan ba haka ya bar kansa ba," in ji Kwaji ga matarsa. "Ina yake zuwa duk Alhamis?"

Dibora ta ce, "Kana da ƙafa, kana da baki. Tsallaka ka tambaye shi mana."

"Wa zai gaya wa abokin gasarsa sirrinsa?"

"In ya ƙi sai ka dawo. Ai titi ne kawai a tsakaninku."

Washegari Kwaji ya daure ya tsallaka, ya rusuna ya gai da tsohon. Kafin ya gama kame-kame Malam Garba ya fashe da dariya.

"Na daɗe ina ganin ka kana leƙena ta bayan jarkoki. Ranar Alhamis ka rufe shago, ka zo da takalmin gona."

Ranar suka kama hanya ta bayan Lamorde. Kwaji yana ta duba mashin ɗin ko zai ga kaya. Babu komai sai gorar ruwa.

Gonar farko ta wata dattijuwa ce, Mama Janet. Tana hango su ta yar da fartanya.

"Malam, maganin naka ƙarya ne! Na fesa, ciyawa tana nan tana mini dariya!"

Malam Garba bai yi musu ba. Ya tsuguna ya taɓa ciyawar, ya tambaye ta ranar da ta yi feshin, da ko an yi ruwa bayansa. Sannan ya ce, "Da wane ruwa kika haɗa?"

"Na mayo mana." Ta nuna rafin da ke ƙasan gonar, ruwansa jawur da laka.

"To, ga matsalar. Wannan maganin ba ya shiri da ruwan laka, kashe masa ƙarfi yake yi. Ni ne ban gaya miki ba. Ki aiko gobe a karɓar miki wata kwalba, ki haɗa da ruwan rijiya."

A wata gonar suka tarar da wani manomi da masararsa ta yi rawaya, yana neman maganin ƙwari mafi tsada. Malam Garba ya duba bayan ganye, ya tona ƙasa da yatsa, ya ce masa ba ƙwaro ba ne, ruwa ne ke kwanciya a gindin masarar. "Ka yi wa ruwan hanya. Kada ka sayi komai."

A hanyar dawowa Kwaji ya kasa haƙuri.

"Baba, yau mun ƙona mai, ka ba da kwalba kyauta, ka hana mutum sayen kaya. Ina cinikin?"

"Shi manomi ba kwalba yake nema ba, ɗana, amfanin gona yake nema. Ranar da ya gane kai ma abin da kake nema masa ke nan, ba zai wuce ƙofarka ba."

"To me ya sa kake koya mini? Ni fa abokin gasarka ne."

"Manoman ƙasar nan sun fi ƙarfin shago ɗaya. Kuma in ka sayar wa mutum abin da bai yi masa aiki ba, ba kai kaɗai zai zaga ba, har da ni."

Daga nan Kwaji ya kashe lasifika. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi abin da ya shuka da yadda ƙasar take. Abin da bai sani ba ya tsallaka ya tambayo. Ran Litinin kuma ya hau mashin ya zaga gonakin Betso. Ciniki bai zo da gudu ba. Mutum ɗaya yau, gobe ya zo da maƙwabcinsa. Amma ya fara zuwa.

Ana cikin haka, lokacin da wake ya fara fure, mashin ya zame da Malam Garba a wata hanya mai santsi. Ƙafarsa ta karye, aka wuce da shi asibiti a Yola.

Lokacin ne kuwa kowa ke neman maganin ƙwarin wake. Manoma suka zo suka tarar da shagon tsohon a rufe, suka tsallako wurin Kwaji. Ranar ya yi cinikin da bai taɓa yi ba. Ya koma gida yana fara'a, shi da Dibora suka yi addu'ar godiya.

Da safe ya hango Na'imatu, 'yar Malam Garba, ta buɗe shagon tana share ƙura. Ya tsallaka ya tambaye ta jikin Baba. Sai idonsa ya sauka kan kwalayen maganin wake, sababbi, jibge a lungu.

"Kafin ya faɗi ya sauke su," in ji ta. "Ni kuma ban san wanne ne na me ba. Ina tsoron in ba mutum abin da zai ƙone masa gona."

Kwaji ya ƙura wa kwalayen ido. Ya san in wake ya wuce fure, kayan nan sun kwana sai wata shekara, ga asibiti yana cin kuɗi. Ya kuma san cewa in ya ja bakinsa, kafin tsohon ya dawo mutanensa duk sun saba da sabon shago.

Ya koma shagonsa ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Can ya ɗauki waya ya kira Yola.

"Baba, ka ce wa Na'imatu ta ba ni makulli."

Tun daga ranar, duk wanda ya shigo sai Kwaji ya tambaye shi, "A ina ka saba saye?" In ya ce wurin Malam, sai ya kama hannunsa su tsallaka. Shi zai zaɓi maganin ya yi bayanin yadda ake haɗawa, Na'imatu ta karɓi kuɗi. Ranar Alhamis kuma ya zaga gonakin da tsohon ke zagawa.

Dibora ba ta ji daɗi ba. "Namu kayan fa? Awakina ne a jikin kwalaben nan."

"Na sani. Amma 'yan mutanen da muke da su, shi ya koya mini yadda na same su. Ba zan tsaya yana kwance in kwashe nasa ba."

Washegari ita ce ta zo ta zauna masa a shago yana can tsallake.

Kuma sun yi asara. Wasu kwalaben nasu sun lalace a kan kanta, dole aka kwashe su. Shagon Malam Garba kuwa, kafin wake ya nuna, lungun nan ya zama fili.

Bayan an yi girbi tsohon ya dawo yana dogara sanda. Manoma suka cika benci da bakin titi suna yi masa sannu, kowa da labarin da yake ba shi. Ya saurara har suka gama, sannan ya aika a kira Kwaji.

Kwaji ya zo ya miƙa masa makulli. Malam Garba ya karɓa, ya riƙe hannun bai saki ba, ya juya wurin mutanen.

"Likita ya ce ni da hawa mashin a duwatsu mun yi sallama. 'Ya'yana maza suna Kano da Abuja, babu mai son wannan sana'a. Kaya ba su dame ni ba, kowa zai iya gadon kwalabe. Ku ne nake tsoron bari a hannun wanda bai damu da gonarku ba. To, na samu. Daga yau duk wanda gonarsa ta yi ciwo, ga wanda zai kira."

Wani tsoho daga ƙarshen benci ya ce, "Malam, ai ka makara. Mu tuni muka karɓi lambarsa."

Aka kwashe da dariya. Sai Kwaji ya durƙusa a gaban Malam Garba, shi kuma ya dafa kansa ya sa masa albarka.

Da damina ta zagayo, Malam Garba da kansa ya kai Kwaji wurin babban dilan da yake sayen kaya, ya tsaya masa. Shekarar ce Kwaji ya mayar wa Dibora awakinta, har da ƙari.

Darasi: Mai saye ba farashi kaɗai yake bi ba, yana bin wanda ya damu da damuwarsa. Kada girman kai ko kunya su hana ka zuwa wurin wanda ya riga ka a sana'a ka tambaya, kuma ranar da ya faɗi kada ka taka shi ka wuce. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka sani ya buɗe shago yana zaune yana jiran masu saye.