Kwalbar da Aka Ba Meshak

Akwai wata tsohuwar nas a Kafanchan, wajen shekarar 1976, ana kiranta Mama Katarina. Ɗakuna biyu na bayan gidanta ta mayar wurin jinyar waɗanda giyar ogogoro ta cinye. Rufin yana yoyo, tabarma ce gado, amma mutane suna warkewa.

Cikinsu akwai Meshak, tsohon mai zuba wa jirgin ƙasa kwal. Wata tara bai sa giya a baki ba. Matarsa Edna, da ta kwashe yara ta koma Kwoi, ta aiko cewa in ya kai Kirsimati a haka za ta dawo.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje za ta tallafa wa irin wannan gida, kuma Turawa biyu na zuwa dubawa. Da safen ranar zuwansu sai ga Dattijo Silvanus, shugaban kwamitin gidan, mutumin da bai taɓa wanke aman kowa ba.

"Mama," in ji shi, "Bature ba ya ba da taimako in ya ga mutum da ƙiba. Meshak ya yi kyau da yawa. A ba shi kwalba ɗaya, su gani da ido."

"Baba Silvanus, wata tara fa."

"Rana ɗaya ne kawai. Kin gyara shi sau ɗaya, za ki sake."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta koma bakin murhu, kuma ta san abin da shirunta ke nufi.

Silvanus ya miƙa wa Meshak kwalbar. "Mama ta ce ka sha, taimakon gida ne."

Meshak ya waiwayo yana neman idonta. Ta kau da kai. Da wani ne ya aiko da bai karɓa ba, amma ita ya yarda da ita, sai ya sha.

Turawan suka same shi kwance cikin amai, suka ɗauki hoto, suka girgiza kai. Tallafi ya fito.

Meshak kuwa bai sake daina sha ba. Edna ta iso ana jibi Kirsimati, ta tarar da shi a kwata kusa da tasha, ta bi motar da ta kawo ta ta koma. Kafin ruwan farko aka binne shi. Silvanus ne ma ya tashi a jana'izar ya yi wa jama'a faɗa kan illar giya, ko kunya babu.

Aka gina gida mai rufin kwano da gado goma sha biyu. Amma magana ta riga ta zaga gari. Wata uku, ko mutum ɗaya ba a kawo ba.

Rannan wata mata daga Kachia ta zo riƙe da yayanta, jikinsa na rawa. Ta tsaya a ƙofa.

"Mama, nan ne aka ba mutum kwalba bayan ya warke?"

Baƙuwa ce, da Katarina ta musa da ta yarda. Amma bakinta ya kasa yin ƙarya.

"Nan ne, 'yata."

Matar ta gyara riƙon yayanta, suka juya. Katarina ta bi su da ido har suka sha kwana, sannan ta zauna a bakin ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Darasi: Tallafi don mutane ake nemansa. Ranar da ka ba da mutum don ka samu tallafi, ka rasa dalilin nemansa, kuma shiru a gaban mugunta yarda ce. Ku tura wa duk mai riƙe da amanar marasa lafiya.