Ciwon Alimatu Da Ba Wanda Ya Saurara

Akwai wata baiwar Allah mai suna Alimatu, 'yar Zangon Kumasi, da take aikin goge-goge a wani otal a Doha. A unguwar Najma take zaune, ɗaki ɗaya da wata babbar mace 'yar garinsu, Basiratu. Burinta ta gama kwantiragi ta koma gida a ɗaura mata aure da Mumin, wanda ya daɗe yana jiranta.

Sai ciwon mara ya sa ta gaba. Jinin al'ada ya zo ya ƙi tsayawa, ta rame, in ta hau bene sai jiri ya ɗebe ta.

Ta je ƙaramin asibitin da kamfaninsu ke tura ma'aikata. Wata farar mace da ta zo bayanta aka fara shigar da ita. Da layi ya zo kanta, likitan ko ɗago kai bai yi ba.

"Ku matan Afirka ƙarfi gare ku," ya ce da Turanci. "Sha Panadol. Khalas, shi ke nan."

Ta koma bayan wani lokaci, aka tambaye ta ko hutun aiki take nema. Ta sake komawa, aka ce ta rage damuwa. Daga nan ta daina zuwa. In Basiratu ta yi mata magana sai ta ce, "Yaya Basira, na gaji. Mu baƙi ne, haƙuri ne namu."

Wata safiya Alimatu ta faɗi a banɗaki. Basiratu ta bar aikinta ta ɗauke ta a tasi zuwa wani asibitin. Can ma ma'aikaciyar jinyar ta miƙo ƙwayoyi ta ce, "Yalla, maza, na gaba."

Basiratu ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ta ce, "Ƙanwata ce. Ba za mu tafi ba sai an yi mata hoton ciki." Mai gadi ya zo, ta maimaita masa. Tana tsoron kada a kai ƙararta wurin kafil, wato mai riƙe da bizarta, amma ba ta matsa ba.

Wata likita da ke wucewa ta tsaya, ta duba idon Alimatu, ta sa aka shiga da ita nan take.

Ƙari ne a mahaifa, ya yi girma, jininta kuma ya kusa ƙarewa. An ceto ranta, amma sai da aka cire mahaifar.

Da ta farfaɗo, likitar ta riƙe hannunta ta ce, "Da kin zo da wuri, da ba a kai ga haka ba."

Alimatu ta juyo ta dube ta. Sannan ta ce a hankali, "Ai na zo, likita."

Da yamma Mumin ya kira daga Kumasi. Ta ga sunansa a wayar, ta miƙa wa Basiratu, ta juya fuskarta bango.

Darasi: Baƙar fata tana jin zafi kamar kowace fata, kuma yin shiru da ciwo ba shi ne haƙuri ba. In kina jinya, ki nace sai an duba ki. In 'yar uwarki za ta asibiti, ki raka ta. In kai ne mai duba marasa lafiya, ka saurari wadda ke gabanka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman na ƙasar waje.